Gonar Da Kogi Ya Cinye

Morjina tana durƙushe a bakin murhu, hayaƙin ɗanyen karan rama ya cika mata ido, sai ta jiyo dariyar Parul daga babban ɗaki. Ba ta ɗaga kai ba, don ta san abin da ake wa dariyar. Tun da hantsi ma'aikata suka hau saman kwano suna ɗaura faifan sola, yanzu ga shi an kunna talabijin, matan unguwa sun cika baranda har da masu leƙe ta taga.

"Yaya, bar girkin nan ki zo ki gani mana," in ji Parul daga bakin ƙofa. "Wallahi kamar ki miƙa hannu ki taɓa mutanen ciki."

Morjina ta ce tana tsoron kada shinkafa ta kama, ta ci gaba da hura wutar da ba ta bukatar huri.

Parul faccalarta ce, matar Rofikul ƙanin mijinta. Gidan nasu ne, talabijin tasu ce, tukunyar da Morjina take girki a ciki ma tasu ce. Morjina da mijinta Anisul da 'yarsu Moyna mai shekara huɗu suna kwana ne a wani ɗan ɗaki na bayan gida, inda a da ake ajiye harawar shanu. Shekara guda ke nan da wata biyu suna ciki.

A da kuwa ba haka abin yake ba. Duk ƙauyen Shimultola an san yadda aka yi auren nan. Anisul yana tuƙa kwalekwale ranakun kasuwa, Morjina tana tsallaka kogi zuwa makaranta, kullum sai ta tarar ya ajiye hularsa a kan wurin zaman da yake ƙarƙashin rumfa don kada wani ya riga ta. Shekara biyu yana haka bai ce mata uffan ba. Mahaifiyarta ta so ta ba wa wani mai shagon yadi a garin Sirajganj, Morjina ta yi ta kuka har mahaifinta ya gaji ya ce a bar ta da mai kwalekwalenta.

Da mahaifin su Anisul ya rasu aka raba ƙasarsa biyu. Ɗaya tana bakin kogin Jamuna, baƙar laka ce mai ba da amfani sau uku a shekara. Ɗayar tana can tudu, jar ƙasa ce da ko rama sai da lallashi take tsira. Anisul ne babba, shi aka ba wa zaɓi. Ya dawo gida ya tambayi matarsa, ita kuma ba ta tsaya dogon tunani ba ta ce ta bakin kogi. Shekara uku suna cikin wadata, suka yi rufin kwano, suka sayi saniya, Parul ce take zuwa aron turmi da tukunya a wurinta.

A damina ta huɗu kogi ya juyo. Cikin kwana tara ya cinye gonar, ya cinye bishiyoyin mangwaron da Anisul ya dasa, ya cinye gidan. Suna tsaye a kan gaɓa suka ga ɗakin kwanansu ya sunkuya ya shige ruwa. Bayan wata shida aka zo gina ganuwar tare ruwa da hanyar mota a samanta, sai ga ta ta bi daidai iyakar gonar Rofikul. Jar ƙasar da kowa ya raina ta zama bakin titi. Rofikul ya yi shaguna uku, masu motoci suna tsayawa shan shayi, kafin a ankara ya zama mutum.

Wannan shi ne abin da yake cin Morjina. Da a ce Rofikul ya fi wansa ƙwazo ko wayo, da ta haƙura. Amma ta san shi, mutum ne mai barci har rana ta take, yayin da mijinta bai taɓa bari alfijir ya same shi a kwance ba. Yanzu ga Anisul yana yi wa ƙaninsa yankan rama tare da 'yan ƙodago, yana dawowa fatar ƙafarsa ta jeme saboda tsayuwa cikin ruwa.

Parul ba muguwa ba ce, sai dai bakinta ba shi da linzami. Idan ta yi sabon sari, wato zanen da matan garin suke naɗawa, sai ta kawo wa Morjina tsohon, ta miƙa mata a gaban mutane tana cewa ai bai ji jiki ba, sau uku kawai ta ɗaura. Idan aka soya babban kifi sai ta kira Moyna ta ba ta tsakiya, ta ce, "Ci ki ƙoshi, 'yar nan, kwana biyu ba ki gani ba." Morjina takan karɓa ta yi godiya, sannan ta shiga ɗaki ta cusa sarin a ƙarƙashin katifa. Har ta kai ko sautin awarwaron Parul ta ji sai ƙirjinta ya ɗau zafi.

Surukarsu Jobeda kuwa ta riga ta gama hukunci. Tana zaune a baranda tana tauna ganyen pan da ake ci kamar goro, duk wadda ta shigo sai ta gaya mata cewa ɗanta na fari ya auro farar ƙafa. Wai ai ita ta zaɓi gonar, kuma tun ranar da ta taka gidansu abu bai ƙara tsayawa ba. Shekaru ukun wadatar nan duk ta manta da su. Daga can gida kuma mahaifiyar Morjina tana bugo waya duk Juma'a, ba ta rasa labarin mai shagon yadi, wai yanzu ya yi bene, matarsa har firij gare ta.

Anisul ne kaɗai bai canja ba. Yakan dawo da ɗan ƙullin gyaɗa ko furen kabewa a aljihu ya ajiye mata a kan matashi. Amma da zarar ya ambaci sunan Rofikul sai ta murtuke, ta ce kada ya ɓata mata rai da zancen mutanen da suka mayar da shi bawa. Da ya ga haka sai ya daina kawo mata duk wani zance da ya shafi ƙaninsa.

Bayan ruwan damina ya janye, wata safiya ta ga an kewaye wani ɗan fili a bayan gida da tsagin gora, an yafa irin barkono da na yalo. Ta ga mijinta yana shiga yana ba su ruwa safe da yamma, yana yi musu rumfar ganyen ayaba idan rana ta yi zafi. Ba ta tambaya ba. A ranta ta ce wato yanzu har renon irin Parul ma shi aka ɗora wa. Ta kuma lura komarsa ta kamun kifi ba ta rataye a inda take, da ta tambaya ya ce ya ba wa wani, bai ƙara komai ba.

Sati biyar irin ya yi, ya tashi kore shar, ya isa dashe. Ranar wata Talata da azahar maza suna gona, Jobeda tana barci, Parul da maƙwabta suna gaban talabijin. Morjina ta fito shanya kaya sai ta ga awakin Parul guda huɗu sun tsinke igiya, babbar ta sa kai ta ture ƙofar gorar. Tsakaninta da su bai fi taku goma ba. Tsawa ɗaya ta isa ta kore su. Ta buɗe baki, sai dariyar Parul ta sake tashi daga cikin ɗaki. Morjina ta rufe bakinta. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu tana kallo har awakin suka shige, suka bi irin nan layi layi. Wanda ba su ci ba suka tattake. Ta gama shanyarta a tsanake ta koma ɗaki, zuciyarta tana wani irin sanyi da ta daɗe ba ta ji ba.

Da la'asar gida ya kaure. Rofikul ya tsaya a tsakar gida yana zazzaga wa matarsa faɗa a gaban kowa, yana cewa tun da aka kawo akwatin nan ta zama ba ta da amfani, awaki huɗu ma ta kasa ɗaurewa. Jobeda ta kama masa. Parul tana kuka tana rantsuwa da hannunta ta ɗaure su. Morjina tana daga ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, kanta a ƙasa don kada a ga fuskarta.

Sai ta ji Rofikul ya ce, "Kin san irin waye kika sa aka cinye? Na Yaya ne. Komarsa ya bayar aka ba shi irin nan daga gari. Gonar bayan shago na ce ya noma bana ya ci amfanin shi kaɗai, jibi za mu yi dashe. Yanzu me zai dasa? Lokaci ya wuce."

Morjina ta ajiye farantin shinkafar. Ta ɗaga ido ta hango Anisul tsugune a cikin shingen, yana ɗaga karyayyun tsirrai ɗaya bayan ɗaya yana duba ko akwai mai sauran rai. Bai yi wa kowa faɗa ba. Da ya taso ma cewa ya yi a ƙyale Parul, dabba ce, ba ta san na wani ba.

Kwana biyu Morjina ba ta iya haɗiye abinci ba. Rofikul ya daina yi wa matarsa magana, ya cire wayar talabijin ya kulle a shago. Parul ta rame, ta zo har ɗakin baya da kumburarrun idanu ta durƙusa tana ba Morjina haƙuri, tana cewa ita ta jawo musu. Wannan durƙuson ne Morjina ta kasa ɗauka. A rana ta uku da safe, ana zaune ana shan shayi, ta fito tsakar gida ta faɗi abin da ya faru. Ta ce tana tsaye awakin suka shiga, ta gan su, ta ƙyale su da gangan, don ta ɗauka irin na Parul ne.

Parul ce ta fara magana. "Kina kallo aka ci mutuncina a gaban unguwa? Kina kallo na durƙusa miki? Me na yi miki, Yaya? Abincina kike ci."

"Shi ne abin da kika yi mini," in ji Morjina, hawaye yana zubo mata. "Abincinki nake ci."

Jobeda ta tofar da abin da yake bakinta ta ce magana ta ƙare. Ta ce a da tana cewa farar ƙafa ce, ashe har da baƙar zuciya, kuma ba za ta ƙara kwana gida ɗaya da mai yi wa ɗanta baƙin ciki ba. Ta dubi Anisul ta ce ya sallame ta yau ɗin nan, a bar Moyna, ita ta koma gidan ubanta. Anisul ya ajiye kofinsa, ya ɗauki laujensa ya fita, bai dubi kowa ba.

Kwana huɗu bai ce mata komai ba. Yana shigowa ya ci abin da ta ajiye, ya yi wasa da Moyna, ya juya fuska bango. Ba gyaɗa, ba fure. Da mahaifiyarta ta ji labari ta ce ta tattaro kayanta tun kafin a kore ta, ai dama ta faɗa. Morjina ta ƙulle 'yan kayanta a zane, ta kwance, ta sake ƙullewa.

A rana ta biyar bayan la'asar ya ce ta biyo shi. Suka bi ta kan ganuwa har inda gaɓa ta yanke. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, wani wuri a ƙarƙashinsa gonarsu take. Ta ɗauka nan zai furta saki, sai ta riga shi. Ta ce ta san ta yi laifi kuma ba ta neman ya wanke ta, amma ya gaya mata abu ɗaya kafin ta tafi. Ina adalci a cikin wannan? Shi da yake tashi da asuba yana kwana a ɗakin harawa, mai barci har hantsi yana da shago uku. Ba su yi sata ba, ba su ci haƙƙin kowa ba. Don me sai su?

Anisul ya juyo ya fuskance ta.

"Maman Moyna, kina tsammani ke kaɗai kike jin abin nan?" in ji shi. "Ni na koya wa Rofikul riƙon garma. Ni na goya shi zuwa makaranta. Kullum na shiga gonarsa da lauje sai na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Akwai ranar da na ga ana loda masa kaya a shago, wallahi sai da na roƙi Allah ya raba ni da abin da ya zo mini a rai."

Ta dube shi da mamaki, don ba ta taɓa zaton haka ba. Ta tambaye shi to yaya yake yi.

Ya ce babu wata dabara. Ya zo nan ya fi sau ashirin yana neman wanda zai yi faɗa da shi, bai samu ba. Kogin nan bai san sunansa ba, bai san na Rofikul ba, masu gina hanya ma ba don ƙaninsa suka bi ta can ba. Ya ce shi bai san dalilin da Allah ya raba haka ba, kuma ya gane ba zai taɓa sani ba, amma ya lura duk ranar da ya kwana yana auna nasa da na ƙaninsa, washegari hannunsa ba ya iya aiki.

"Gonar ba ke kika cinye ta ba, ko Inna za ta faɗa sau dubu," ya ce. "Na tambaye ki, kika faɗi abin da ni ma shi ne a raina. Wannan ba a hannunmu yake ba, ban taɓa riƙe ki da shi ba. Amma ƙofar shingen nan a hannunki take. Ita ce ta yi mini ciwo."

Morjina ta durƙushe a kan gaɓa tana kuka kamar ranta zai fita. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya tsuguna ya kama hannunta, ya ce ba zai sake ta ba, ko yau ko gobe. Shekara biyu ya yi yana tsare mata wurin zama a kwalekwale, ba zai ba wa kowa wurin ba saboda awaki huɗu. Amma zaman gidan can ya ƙare. Ya nuna mata can tsakiyar kogi, inda wani sabon tsibirin yashi ya ɓullo bana, ya ce mutanen da ruwa ya kora sun fara kafa bukkoki a kai. Babu inuwa, babu makaranta, kuma babu wanda zai ba ta tabbacin kogi ba zai dawo ya karɓe shi ba. Ya tambaye ta ko za ta iya. Ta share fuska ta ce ko yau.

Jobeda ta yi fushi, ta ce an shanye mata ɗa. Anisul ya durƙusa a gabanta ya ce duk abin da ta umarce shi zai yi ban da wannan, kuma duk Juma'a zai tsallako ya gaishe ta. Rofikul ya yi ta roƙon wansa ya zauna, da ya ga ba zai zauna ba ya loda musu gora da kwano shida da buhun irin gyaɗa a jirgi. A da Morjina za ta ce a mayar masa da kayansa. Wannan karon ta je har gabansa ta yi godiya, kuma har cikin ranta ta yi. Parul kuwa ta kulle kanta a ɗaki. Morjina ta tsaya a bakin ƙofar ta nemi gafara sau uku, ba a amsa ba.

Shekarar farko ta yi musu tsanani. Iska ta kwashe rufinsu sau biyu, Moyna ta yi zazzaɓi aka rasa jirgin da zai tsallaka da ita sai washegari, Allah ya sa ta tashi. Morjina ta yi baƙi, tafin hannunta ya yi kanta. Da yamma idan gari ya yi garau tana iya hango ƙyallin sola a kan gidan Rofikul. Ba za a ce zafin nan ya daina zuwa ba. Yana zuwa. Sai dai yanzu idan ya zo takan ce a ranta, wancan nasu ne, sannan ta sunkuya ta ci gaba da cirar ciyawa har ya wuce.

Yashin da ake ganin ba zai yi komai ba ya ba da gyaɗa, a shekara ta biyu ya ba da kankana da kabewa har sai da suka ɗauki jirgi biyu zuwa kasuwa. Anisul ya saƙa sabuwar koma. A daminar nan Morjina ta haifi ɗa namiji. Ranar suna tana zaune a ɗaki ta ji sautin awarwaro a ƙofa, ta ɗaga kai ta ga Parul da Jobeda, tsohuwar tana haki saboda tafiyar yashi. Parul ta karɓi jaririn ta daɗe tana kallonsa, don har lokacin ita Allah bai ba ta ba. Sannan ta ce ba wai ta manta ba ne, ta dai gaji da riƙon. Jobeda ba ta ce ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne, amma ta ci shinkafar Morjina har ta nemi ƙari, ta kwana uku.

Har yau Rofikul ya fi wansa arziki nesa ba kusa ba, shagunansa sun zama biyar. Har yau kuma duk damina Morjina tana fita ta duba inda ruwa ya kai a gaɓar tsibirinsu. Duniya ba ta daidaita rabo don wani ya yi kuka ba, kuma ba ta yi wa Morjina bayanin komai ba. Abin da ta koya shi ne, akwai abin da ake karɓe wa mutum ba da shawararsa ba, wannan sai haƙuri da miƙa lamari ga Allah. Akwai kuma wanda mutum yake ɓarnatarwa da hannunsa saboda idonsa yana kan na wani, kuma sau da yawa shi ne ya fi tsada. Ita ta yi sa'a, ta farga tun mijinta yana riƙe da hannunta.